Ƙwallon Dillali da Busasshen Rafi

Ban daɗe da dawowa gida daga inda na je neman arziki ba na fara maganar komawa. Wata safiya ina ta kai-kawo a tsakar gida, ina cewa a can duk abin da na taɓa tafiya yake yi, nan kuwa komai sai an ja shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Kawuna yana kan tabarma yana shan kunu. Ya ce, "Zauna, ɗana, kana sa ni jiri. Bari in ba ka wani misali."

Ya ce a wani gari na kan tudu, inda sanyi kan hana mutum alwala da ruwan randa, akwai filin golf a bayan gari. Wasan dai ba wani ɓoyayye ba ne: ƙaramar ƙwallo ce ake bugawa da sanda har ta faɗa rami, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Mutum biyu suka fara koyo a farkon sanyi, wani dillalin motoci da wani mai kemis, kowanne da sandunansa na gwanjo. Akwai kuma wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ciwon gwiwa ya hana shi zagaya fili. Yana da jakar sanduna waɗanda duk garin babu irinsu, 'ya'yansa kuma ba wanda ya damu da wasan. Sai ya ce zai bar jakar ga ɗaya daga cikin mutanen nan biyu, wanda ya ci ɗan'uwansa, amma ba za a kara ba sai ruwa ya sauka.

To, lokacin sanyi ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri kamar daɓen siminti. Dillali ya lura in ya daki ƙwallo a ka, ba ta tashi sama, sai ta kama gudu a ƙasa kamar ƙadangare, ta yi nisan da ta kowa ba ta yi. Akwai rafin da ya ratsa filin, ya ƙafe ƙaf, ƙwallonsa takan gangara ciki ta haye ɗaya gefen abinta. Shi ke nan, dillali ya samu hanya. Ba ya fitowa sai rana ta ɗaga, yana gama wasa ya jefa jaka a but ɗin mota har wani satin. Tsagar da ke fuskar ƙarfen sanda, wadda ita ke kama ƙwallo, ta cushe da busasshiyar ƙasa. Robar mariƙi ta bushe ta yi santsi. Bai damu ba, tunda ci yake yi.

Mai kemis kuwa ya nace sai ya koyi ɗaga ƙwallo sama. Yakan fito da sanyin safiya, yatsu a sandare, ƙarfe ya daki ƙasa zafin ya tafi masa har kafaɗa. Ƙwallo ta tashi ta faɗa cikin ƙaya, ya je ya ɗauko, ya sake. In ya koma gida ya sa ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori ya wanke tsagar nan, ya goge robar, ya jingine sanduna a cikin ɗaki. Duk sanyin nan bai taɓa cin dillali ba ko sau ɗaya. Dillali yakan ce masa, "Likita, tsuntsaye kake harbi ne? Ramin fa a ƙasa yake."

Sai ruwa ya sauka. Ciyawa ta fito, ƙasa ta yi laushi, rafi ya kawo. Ranar karawa aka ɗauko wa tsoho kujera, ya zauna a gindin mangwaro da jakarsa a gefe. Dillali ya yi bugunsa na kullum, ƙwallo ta ɗan yi gudu cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta kwanta. Ya sake, ta sake kwanciya. Da ƙyar ya kai ta bakin rafi, inda dole sai an tsallake ta sama. Ya tattara ƙarfinsa duka ya kai mata duka, ana yayyafi, robar nan mai santsi ta suɓuce masa. Sanda ce ta tashi sama, ta yi juyi biyu, ta faɗa tsakiyar ruwa. Ƙwallo tana nan inda take. Mai kemis ya zo ya buga tasa, ba wani bugun a zo a gani ba, amma ta tashi, ta tsallake, ta sauka a ɗaya gefen. Tsoho bai ma jira a gama zagaye ba, ya tura masa jakar da ƙafa. Dillali yana tsaye a cikin rafi, wando a naɗe, yana laluben sanda, yana cewa filin ne ya lalace. Tsoho ya ce, "Filin ƙalau yake, Alhaji. Ya dai daina buga maka ne."

Kawu ya shanye kununsa ya kife kwanon. Ya ce, "Ban ce ba ka iya ba. Amma can da kake yabo, ba mu san nawa ne bugunka ba, nawa ne gudun ƙasa. Kai ma ba ka sani ba. In ka tsaya ka tsallake rafin nan namu, sai mu sani. Hausawa suka ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare."