Ruwa a Hanyar Djougou

Babur ya mutu bayan azahar, sun wuce Onklou kaɗan. Ɗan zem, mai baburin haya, ya tafi neman esansi, wato fetur, ya bar budurwar da ya ɗauko ita kaɗai a bakin hanya.

Sai ga wani mutum ya fito daga gonar kashu, yana tahowa a hankali. A finafinan tsoron da ƙannenta ke kallo a Parakou, haka mai kisan yake tafiya: ba gudu, ba magana, fuska a rufe. Amma wannan da sallama ya iso, har da murmushi.

"Ƙanwata, rana za ta gasa ki. Ungo ruwa."

"Na gode, Baba."

"Baba kuma? Har na tsufa haka?" Ya yi dariya. "Juyo gabas, ki ba ranar baya."

Ta juya tana sha, sai ta dakata. Ita 'yar mahauci ce. Haka mahaifinta yake yi wa rago: ya shayar da shi, ya juya shi gabas yana lallashi, wuƙa a ɓoye a baya.

Tun isowar mutumin ba ta ga hannunsa na dama ba.