Tarin Mai Gyaran Keke

Tsohon yana cikin tsige busassun ganyen na'a-na'a daga gwangwanin da ke bakin ƙofa aka yi sallama. Sai da ya ɗan saurara kafin ya amsa, don ya kwana biyu bai ji an yi sallama da shi ba.

A da layi ake yi a zaurensa. Mai ciwon ciki, mai sanyin ƙashi, mai jego, kowa da kwalbarsa. Amma tun da matarsa ta rasu a hannunsa, bayan ya dafa mata duk saiwar da ya sani, ya daina ɗora tukunya. Mutane suka yi ta zuwa suna komawa har suka gaji. 'Ya'yansa suna nesa, sai dai waya jefi-jefi. Shi kuwa ga tari ya sarƙe shi, ga ƙafa ta kumbura, abinci sai ya tuna.

Mai sallamar mai gyaran keke ne, wanda rumfarsa ke jingine da katangar gidan. Ƙato ne, hannu duk baƙin mai.

"Baba, tari ya hana ni sakat. A taimaka."

"Na bar wannan sana'a. Je ka kemis."

"Na je. Naka nake so."

Ya zauna a kan benci, ya ƙi tashi. Da tsohon ya ga ba sarki sai Allah, ya hura wuta, ya daka citta da kanumfari, ya matsa lemun tsami, ya zuba zuma. Ƙa'idarsa ce tun yana saurayi ba ya ba kowa abin da bai sha ba. Ya cika kofi ya shanye a gabansa, sannan ya miƙa masa nasa.

Washegari mutumin ya dawo da kwanon abinci a rufe. Ya ce ai Baba ne ya ce kada a sha magani da cikin wofi, shi kuma ba ya iya ci shi kaɗai. Suka ci tare. 

Tari bai gama tafiya ba ya zo da kukan ƙafa, wai nauyi take masa da safe. Tsohon ya duba, bai ga kumburi ba, ya ce ƙila daga ciki ne. Ya dafa ganye, ya zuba ruwan ɗumi a baho, ya tsoma nasa ƙafafun ya nuna masa yadda ake yi. Daga nan sai rashin barci. Daga nan sai ɗacin baki.

"Kai kuwa jikinka ya fi kekunan da kake gyarawa lalacewa," in ji tsohon. Ranar ce ya fara dariya tun bayan rasuwar.

Ya koma ba shukokinsa ruwa. Ya wanke kwalabe. Har takalminsa da ya daina shiga ya shiga. Abu ɗaya ke cin ransa: majinyacin nan ba ya warkewa. Ana kashe wannan, wancan ya taso. Haka marigayiyar matarsa ta fara.

Sai wata rana bencin ya wuni babu kowa. Rumfa a rufe. Washegari ma haka. Tsohon ya ci abinci a tsaye, ya kasa gamawa. Ya dafa magani mai kauri, ya juye a kwalba, ya tambayi hanyar gidan mai gyaran keken, ya tafi da sauri, ko haki bai yi ba.

Matar mutumin ce ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce maigidan ya tafi sarin kayan gyara, sai jibi.

"A wannan hali kika bar shi ya yi tafiya? Da tarin, da ƙafar?"

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta kasa riƙe dariya.

"Wane tari, Baba? Mutumin da ko mura ba ya yi. Daga rumfarsa yake jiyo ka ta katanga, duk abin da ya ga yana damunka, sai ya shigo ya ce maka shi ke fama da shi."