Tulun Habi

Tun da rijiyoyi suka koma gishiri, kowane gida ke kiwon 'yan ja a tulun gilashi, ƙananan halittun da ke gyara ruwan sha. Tulun da ya kwana arba'in fari, hukuma ke karɓe shi.

Kwana talatin da takwas da binne 'yarta Habi, mai kula da tulunsu, Yalwa ta tarar da shi fari fat. Ta goya shi zuwa wurin Malama Dudu mai duba tuluna.

"Sun bi ta, ko?" in ji Yalwa.

"Ina kika ajiye shi, Inna?"

"A ɗakinta. Na kulle, sai yau na iya shiga."

"Ba su mutu ba. Duhu suka ji, suka rufe duk aikin da ba lokacinsa ba, suka bar wanda zai riƙe rai. In sun ga rana, da kansu za su buɗe."

Yalwa ta jinjina kai. "Ikon Allah! Wa ya koya musu?"

Ta ajiye tulun a ƙofar Habi, inda hantsi ke sauka, ta zauna gefensa. Washegari ruwan ya fara ja. Ɗakin kuma ba ta sake kulle shi ba.