Maginin da Ya Juya Gayya

Tunda ka kawo maganar inda za a jera sabbin shaguna, bari in ba ka labarin wani magini, ka auna da kanka. A garinsu akwai wani tsohon kududdufi a unguwar gangare, inda kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina garin. Da damina ya cika da kwaɗi da sauro, da rani ya zama juji. Maginin nan shi ya fara cewa a cike shi a yi kasuwa a kai. Ya kai maganar zauren mai unguwa, ya kai ta teburin mai shayi, ya kai ta wurin suna da wurin zaman makoki, har ta kai in an hango shi tafe sai a ce ga kasuwa nan ta iso. Kowa ya san wanda za a ba ginin, shi ma bai ɓoye ba. Aka amince, aka sa ranar gayya, aka gaya wa makaɗa, mata suka surfa dawa, samari suka gyara ƙotocin fatanyu. Magini kuwa baki har kunne. Ana gobe gayya ya ƙetare rafi zuwa garin maƙwabta, waɗanda suka cike nasu kududdufin bara, don ya ga yadda suka jera shagunansu, nasa ya fi nasu kyau. Shaguna kam ya gan su, tsaf da su, sai sheƙi suke yi. Da ya zaga bayansu sai ya ga ɓarnar da aka yi a gidaje. Katangu sun zube, ɗakuna sun durƙusa, waɗanda suka tsira ga shatin ruwa a jikinsu har ƙirjin mutum. Ya tarar da wata tsohuwa zaune a rumfar zana inda ɗakinta yake a da, ya yi mata jaje, ya tambayi yadda aka yi. Ta ce, "Ɗan nan, ruwa ne ya zo gidansa ya tarar an yi masa baƙi, sai ya kwana a namu." Nan take ya tuna ɗakin mahaifiyarsa, wanda shi ne na ƙarshe a gangare, bayansa jingine da kududdufi. Ya tuna kuma duk magudanar da ya taɓa ginawa a unguwar, can ya karkata bakinta da hannunsa. Tsoro ya kama shi, ya kamo hanyar gida bai ko tsaya sallama ba.

To, gayya in ta taru ba a sallamarta haka nan. Gari na wayewa tuwo na kan wuta, ganguna sun ɗauka, jakuna sun jeru da mangaloli cike da ɓaraguzai, ana jiran a ce a zuba. Magini ya ja mai unguwa gefe ya gaya masa abin da ya gano. Mai unguwa ya ce tunda shi ya cika wa jama'a kunne, shi zai kwashe abin da ya zuba. Ya hau kan wani tsibin ƙasa, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Aka bushe da dariya, samari suna cewa magini ya yi amai ya lashe. Ya bari suka gama, ya ce, "Aikin na nan, kasuwar ma na nan. Ƙasa ce za ta fita maimakon ta shiga." Wani manomi da ɗakin ƙanwarsa ya rushe a wancan garin ya saɓi fartanyarsa ya dira cikin ramin. Makaɗa suka kama yi masa kirari, sai ga samari suna tsalle suna faɗawa, kowa ba ya so a ce shi ne na baya. Kai, ranar an yi aiki! Aka kwashe shara, aka yashe laka, aka buɗe bakin kowace magudana, har aka tarar da jar ƙasa mai danƙo irin wadda magina ke nema ruwa a jallo. Jakunan da suka zo zubawa suka koma ɗauka, suna haurawa da ita tudu bakin hanya. Can aka kwaɓa ta aka yi tubalin gina shagunan kasuwa, magini na tsakiya, laka har gwiwa, yana dariya yana ba da umarni, mata na rangaɗa guɗa. Daga baya aka dasa darbejiya a gefen ramin, aka kewaye shi saboda yara, mai unguwa ya kafa doka cewa ba mai gini a kan hanyar ruwa, kuma duk rani za a yi gayyar yasa.

Da damina ta kankama, wata rana da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Magini ya bar shagunansa a tudu ya sheƙo a guje, ya tsaya bakin kududdufi yana kallon ruwa na kwararowa daga kowane lungu. Ramin ya yi ta sha, ya yi ta sha, ya taso har dab da baki, sa'an nan ya tsaya bai haura gaɓa ba. Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa, ya tarar da ita a kan busasshiyar tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta hau shi da faɗa wai babba da shi yana yawo cikin ruwa. Rani na shiga mutanen ƙetaren rafi suka aiko neman sa, wai ya zo ya taya su rushe shaguna su haƙo kududdufinsu. Kai ma kafin ka buga turke, je ka zaga bayan shagunan maƙwabta, domin Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.