Ragon da Minnulla Ya Ci

Minnulla ya naɗa tawul a ƙugun Hairulla maƙeri, yadda ake kamawa a kokawarmu, ya ji kamar kututturen itace ya runguma.

A zamanin ne baƙi ke kiran ƙasar nan tamu Tartariya, suna tsorata 'ya'yansu da sunanmu. Da yaran sun ga Minnulla da tumbinsa, da sun yi barcinsu lafiya. Kowace shekara yakan shiga kokawar bikin gama shuka, a kayar da shi da wuri, ya karkaɗe wando ya nufi tukunyar shayi.

Bana kuwa matarsa Bibinur ta tare shi a tsakar gida tun da safe.

"Baban Zinnat, ragon nan da za a ba gwarzo, in bai kwana gidan nan ba, kai ma ɗakin wanka ne makwancinka har ƙanƙara ta sauka."

"Ke, me ya yi zafi? Ba ga namu a garke ba?"

"Wuce, ka makara," in ji ta, tana tsaye tsakaninsa da garken.

Tsoro ya sa ya kayar da na farko. Sauran kuma mamaki ne ya kayar masa da su. Saura maƙeri.

"Kawu, kwanta da kanka mana, kada in fasa tumbin nan mu rasa mai shanye shayi," in ji Hairulla.

Ta saman kafaɗarsa Minnulla ya hango ragon, an wanke shi fes, an ɗaura masa jan ƙyalle a ƙaho, yana ta kuka yana kallonsa. Ya hango fuskar Bibinur kuma. Bai san lokacin da ya ɗaga maƙerin sama ba, sai dai ya ji ƙasa ta amsa, ƙugunsa ma ya amsa.

Aka saɓa masa ragon a wuya ya zaga fili, yadda aka saba. Ragunan baya sukan shusshuri gwarzo, wannan kuwa ya lafe, har yana cusa hanci a aljihun da Minnulla ke ajiye gishiri.

"Kun gani? Dabba ma ta san gwarzo!" in ji shi.

A hanya ƙugu ya matsa masa, ya sauke shi. Ragon ya shige gaba, ya karya kwana a bakin rijiya, Minnulla na ɗingishi a baya.

Bibinur na bakin ƙofa da faranti cike da soyayyen ƙullin fulawa mai zuma.

"Sannu, gwarzona. Ka san jiya da samari ke bi gida-gida karɓar kyaututtukan da za a raba a biki, sai da suka cika unguwa da yabon tawul ɗin Maftuha maƙwabciya. Ni kuma ban gama saƙa nawa ba. Ka so in tsaya hannu wofi tana yi mini murmushi?"

Minnulla ya leƙa garke. Rago ɗaya ne a ciki, wanda ya shiga yanzu: nasa ne na kullum, wanda Bibinur ta ba samarin jiya, wanka kawai aka yi masa.