Ƙwallon Ƙarfen Sambo

"Kashe injin nan mu tafi Gwandu," in ji Alhaji Dikko. "Mai ƙafa ɗaya ba ya sana'ar ƙarfe."

Sambo bai ko ɗago ya dubi yayansa ba. Tun da haɗarin mota ya ci ƙafarsa, dangi ke so ya rufe shagonsa na Kalgo ya koma gida a ciyar da shi. Yana zaune gaban injin feƙe ƙarfe, yana murza wani hannu da ya haɗa da kansa daga tsohon boris. Hannun na kewayawa, wuƙar na ci, har ƙarfen ya dunƙule ya zama ƙwallo sumul.

"Wannan kuma fa?"

"Gaɓar idon sawu ce, Yaya. Ta ƙafar roba."

Alhaji ya girgiza kai. "Taurin kai! Kana zaton wannan abin zai ɗauke ka?"

"Ni?" Sambo ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa ba sanda, ya dawo. "Tawa tun kafin azumi na gama ta. Wannan ta wata malamar makaranta ce a garin Malisa, wasu ma na jira. Matsa, ka tare mini haske."