Sabulun Sadaka

Ranar da 'yan ajinmu suka ajiye mini sabulu a kan benci, har malama sai da ta murmusa.

"Ɗiyar mai bandar kifi, ga sadaka. Ki wanke ƙarnin uwarki!"

Na koma gida ina kuka. Na kwashe zannuwan Inna kaf na wanke da shi, na dirje hayaƙin da ya kama su har fatar hannuna ta ɗaye.

"Ƙyamata kike yi, ɗiyata?" Inna ta tambaye ni.

Na ci gaba da dirza.

Ranar kasuwar Wara kwalekwalen su Inna ya kife, ruwa kuma bai dawo mana da ita ba.

Yanzu nakan cusa fuskata cikin zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, ina neman Inna. Ƙamshin sabulun 'yan ajinmu kaɗai nake ji.